Kabeji a Tsakiyar Teku

Daga ƙarfe 12 na dare zuwa 4 na asuba, duniyar jirgin dakon kaya takan koma ta mutum biyu: hafsan da ke riƙe da ɗakin tuƙi, da matuƙin da ke tsaye gefensa yana zuba ido a kan ruwa. Na yi shekaru ina wannan tsayuwa a matsayin hafsa na biyu, kuma a wuyana zana hanyar jirgi da gyaran taswirori suke. Abokin tsayuwata da muka fi daɗewa tare wani dattijo ne ɗan Filifin, ya ba ni kusan shekara 20. Ina kiransa Kuya, wato yaya da harshensu, shi kuma yana ce mini Sikan, yadda suke gutsure sunan muƙamin nawa.

Wani dare mun baro Singafo za mu Japan. Mun miƙa arewa maso gabas a Tekun Kudancin Sin, ruwa kwance kamar an shimfiɗa tabarma, can nesa fitilun masunta sun haska sama sai ka ce wani gari ne ya tsiro a tsakiyar ruwa. Kuya ya matso gaban taswira, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan ɗigo mai kusurwa uku da ke gabas da layin da na zana.

"Sikan, ka ga nan? A nan mahaifina ya tsufa yana kamun kifi. In guguwa ta taso, ciki ake shiga a fake. Ruwan cikin ko motsi ba ya yi."

Na ce, "Yanzu fa, Kuya?"

"Yanzu ƙanena ko bakin wurin ba ya iya zuwa. Fararen jirage ke gadi."

Na yi masa wata amsa da har yau nake jin kunyarta. Na ce ai kuwa mu kullum muna wucewa, ba wanda ya taɓa tare mu. Ya dube ni ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Mu ai kayansu muke ɗauke da shi, Sikan."

Ɗigon nan shi ne Scarborough. 'Yan Filifin suna kiransa Panatag, kalmar da ke nufin kwanciyar hankali, Sinawa kuma Huangyan. Zoben murjani ne da tafki a ciki, ƙofarsa ɗaya, kimanin kilomita 220 daga tsibirin Luzon, kuma sama da kilomita 800 daga Hainan ta Sin. A watan Afrilun 2012 sojan ruwan Filifin suka je kama wasu masunta Sinawa a cikin tafkin, jiragen sintirin Sin suka shiga tsakani, aka yi makonni ana kallon-kallo. Amurka ta sa baki, Filifin ta janye jiragenta a watan Yuni da fahimtar cewa kowa zai janye. Na Sin ba su tafi ba, har yau suna nan. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba. A tsakanin nan dai ayabar Filifin ta yi ta ruɓewa a tashoshin Sin saboda kwatsam an gano wai tana da ƙwari.

Maganar Kuya ta zauna mini a rai, domin gaskiya ce. A duk zirga-zirgar da na yi a wannan teku, jirgin yaƙin Sin bai taɓa cewa mu canza hanya ba. Mu kanmu ba ma zuwa inda ake rigimar: taswirorinmu sun daɗe da yi wa yankin tsibiran Spratly tambarin wuri mai hatsari saboda duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa, kowane babban jirgi kewaye shi yake yi. An ƙiyasta cewa kayan da suka bi ta tekun a 2016 sun kai na dala tiriliyan 3.4, kuma kaso mai tsoka na kayan daga Sin ya fito ko can za shi. Mai shago ba ya toshe ƙofar shagonsa. Don haka duk lokacin da na ji ana ta babatun cewa 'yancin zirga-zirgar jiragen kasuwanci na cikin hatsari, nakan ce ba nan gizo ke saƙar ba. Wanda tsaronsa ya taɓu shi ne mai kwale-kwalen katako, da ma'aikacin haƙar mai a gaɓar Malesiya ko Biyetnam, da ƙaramin sojan da aka ajiye a kan wani tudu yana jiran ruwan sha.

Ba na cikin masu ganin Sin ta tashi da mugunta ne kawai da safe ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. Duk ɗan makaranta a can ya san ta teku aka wulaƙanta ƙasarsa: jiragen Ingila a yaƙin 1839 zuwa 1842 da ya kai ga rasa Hong Kong, sannan Japan da ta tarwatsa rundunar ruwan daular Qing a 1894 da 1895. Na baya-bayan nan da ya fi yi musu ciwo shi ne na 1996. Sin ta harba makamai masu linzami kusa da Taiwan don tsorata masu zaɓe, Amurka ta turo ayari biyu na manyan jiragenta masu dakon jiragen sama, Beijing kuwa ba ta da abin yi sai kallo. Tun kafin nan ma Liu Huaqing, wanda ya jagoranci rundunar ruwan daga 1982, ya riga ya sauya mata tunani: ta daina laɓewa a gaɓa, ta iya riƙe ruwan da ke cikin jerin tsibiran da ya taso daga Japan ya bi ta Taiwan da Filifin har Borneo. Ka buɗe taswira ka juya ta yadda mutumin Beijing ke kallonta, za ka ga jerin nan kamar shinge ne, kuma yawancin masu riƙe da ƙofofinsa abokan Amurka ne.

Sai kuma batun mashigin Malaka, wanda na sani kamar tafin hannuna domin babu inda ya fi hana ni barci. A kusa da Singafo faɗinsa bai kai kilomita 3 ba, manyan tankokin mai na bin juna kamar raƙuman ayari. Mafi yawan ɗanyen man da Sin ke sayowa daga waje ta nan yake bi. Shugaban Sin na lokacin, Hu Jintao, ya nuna damuwa a kan hakan tun 2003, domin ranar da aka ɓata da Amurka, a nan za a shaƙe ƙasar. A kudancin Hainan kuma akwai sansanin jiragen ƙarƙashin teku masu ɗauke da makaman nukiliya, waɗanda ke buƙatar ruwa mai zurfi da ba a sa musu ido. In ka haɗa waɗannan, ba za ka yi mamakin takardar manufofin tsaron Sin ta 2015 ba, wadda ta ce dole a yi watsi da tsohon tunanin cewa tudu ya fi teku muhimmanci.

Bari in ɗan kauce, don labarin jirginsu na farko mai dakon jiragen sama yana ba ni dariya. Gangar jiki ce da Tarayyar Sobiyet ta fara ƙerawa ba ta gama ba, sunanta Varyag, tana tsatsa a Yukren. A 1998 wani kamfani ya saye ta dala miliyan 20 da sunan za a mayar da ita gidan caca mai yawo a ruwa a Macau. Turkiyya ta hana ta wucewa ta mashigin Bosforus fiye da shekara guda, jirgin da ke janta ya yi ta kewaye da ita a Baƙin Teku. Da aka samu ta wuce, sai aka zagayo da ita ta ƙasan Afirka, ta sauka a Dalian a 2002. Gidan caca dai ba a gani ba. A watan Satumban 2012 ta fito da sabon fenti da sabon suna, Liaoning. Ta biyu, Shandong, ta shiga aiki a 2019, ta uku, Fujian, aka sake ta a ruwa a 2022. A yawan jirage, ma'aikatar tsaron Amurka da kanta ta ce a 2023 na Sin sun haura 370, alhali nata ba su kai 300 ba, ko da yake na Amurka sun fi girma da nauyi. Tun Disambar 2008 Sin ke tura jirage rakiya a mashigin Aden saboda 'yan fashin teku, a 2017 kuma ta buɗe sansaninta na farko na ƙetare a Jibuti.

Amma duk waɗannan manyan jirage ba su ne suka kori ƙanen Kuya ba, kuma nan ne nake ganin masu sharhi da yawa suna kallon ƙura su bar yaƙi. Wani hafsan sojan Sin mai yawan fitowa a talabijin, Zhang Zhaozhong, ya bayyana dabarar a 2013 ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ya kwatanta ta da kabeji. Ka naɗe tsibirin da ganye bisa ganye: a ciki jiragen masunta, a bayansu jiragen sintiri, can waje kuma jiragen yaƙi. Wanda ke tsakiya ba abinci ba ruwa, da kansa zai tattara ya tafi.

Ganyen farko masunta ne da ba sa kamun kifi. Jirage ne na ƙarfe masu shuɗin fenti, gwamnati na ba su tallafi da horo, su je su yi cincirindo a inda aka ce su je. A watan Maris na 2021 Filifin ta ƙirga kusan 220 daga cikinsu a Whitsun, wani tudun murjani a yankin Spratly, an ɗaure su gefe da gefe a jere. Beijing ta ce fakewa suke saboda iska. Ni ma'aikacin jirgi ne, na san yadda ake fakewa. Ba wanda ke fake wa iska makonni a jere rana na ƙwallewa, kuma masuncin da ya bar komarsa a bushe tsawon wannan lokaci, to wani ne ke biyansa.

Ganye na biyu su ne fararen jiragen da Kuya ya ambata, na dakarun tsaron gaɓar teku. An haɗe hukumomi huɗu aka kafa rundunar a 2013, a 2018 aka sa ta ƙarƙashin rundunar 'yan sanda masu ɗauke da makamai da ke amsa umarnin shugabannin soja, a Fabrairun 2021 kuma wata doka ta ba ta izinin amfani da makami a ruwan da Sin ke cewa nata ne. Babban jirginta mai lamba 5901 tsawonsa mita 165 ne, nauyinsa wajen tan 12,000, ya fi jiragen yaƙi da yawa girma. 'Yan Filifin na kiransa dodo. Hikimar farin fenti a bayyane take. In jirgin yaƙi mai ruwan toka ya bangaje ka, wannan takalar yaƙi ce. In fari ne ya yi, sai a ce ɗan sanda ne ke aikinsa a unguwarsu. Ko da ba a ce komai ba, kasancewarsa a wurin ma da'awa ce cewa unguwar tasa ce. Amurka na da yarjejeniyar kare juna da Filifin tun 1951, amma yarjejeniyar na maganar harin makami ne. Feshin ruwa harin makami ne? Hasken leza a idon matuƙi fa? A wannan ɗan tsakanin ake yin duk ɓarnar.

In kana son ganin kabejin nan ido da ido, dubi tudun murjanin Second Thomas, wanda bai kai kilomita 200 daga tsibirin Palawan na Filifin ba. Bayan Sin ta kafa bukkoki a tudun Mischief da ke kusa da shi a 1995, ta ce na fakewar masunta ne, sai Filifin ta rasa abin yi. A 1999 ta ɗauko wani tsohon jirgin Amurka na zamanin yaƙin duniya na biyu, Sierra Madre, ta kafe shi da gangan a kan murjani, ta zuba 'yan sojoji kaɗan a ciki. Yana nan har yau, tsatsa ta cinye shi, amma a takarda jirgin soja ne mai aiki. Duk kai musu abinci sai an yi dambe. An yi musu feshin ruwa mai ƙarfin da ke farfasa gilashi. Ranar 17 ga Yunin 2024 dakarun Sin suka zo a ƙananan jirage da gatura da wuƙaƙe, suka huda kwale-kwalen roba, wani sojan ruwan Filifin ya rasa babban yatsansa. Na kalli hoton bidiyon sau da yawa. Ƙasa mai makaman nukiliya, ga ta da gatari a hannu. Da farko abin ya yi mini kama da wauta, daga baya na gane lissafi ne: gatari ba ya tayar da yarjejeniyar 1951.

Mischief ɗin da aka ce bukkar masunta ce, yanzu tana da titin saukar jiragen sama mai tsawon kusan mita 3,000. Haka tuddan Subi da Fiery Cross, duk a yankin Spratly. Daga ƙarshen 2013 jiragen yashe suka riƙa niƙe murjani suna tsotso yashi suna tarawa a kan tuddan da a da ruwa ke rufewa, har aka samar da ƙasa sama da eka 3,200 a wurare bakwai cikin kimanin shekara biyu. Mu a jirgi ta sanarwar gyaran taswira muke ganin abin: yau a ce an kafa sabuwar hasumiyar fitila a wurin da jiya ba komai sai kumfar ruwa. A Satumban 2015 shugaban Sin Xi Jinping ya tsaya a fadar White House ya ce ba su da niyyar mayar da wuraren sansanin soja. Zuwa 2018 an girke makamai masu linzami. Don adalci, Biyetnam ma ta yi ta cike nata tuddan a 'yan shekarun nan, kuma ba kaɗan ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi. Murjanin da kifi ke hayayyafa a ciki shi ne bai da mai kare shi.

Doka fa? Akwai ta, kuma a fili take. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa mil 12 na teku a matsayin ruwanta, da mil 200 inda kifi da mai nata ne. Sin ta amince da ita a 1996. Amma tana riƙe da wata taswira mai gutsattsarin layuka tara da ta samo asali daga 1947, wadda ta lanƙwaso kamar harshen saniya ta lashe kusan tekun gaba ɗaya. Filifin ta kai ƙara a 2013. Ranar 12 ga Yulin 2016 kotun sasanci a Hague ta ce layukan ba su da tushe a doka, kuma an tauye haƙƙin masuntan gargajiya a Scarborough. Sin ba ta halarci zaman ba, jami'anta suka ce hukuncin takardar banza ce. Ranar muna tsakiyar ruwa, 'yan Filifin ɗin jirginmu suka yi ta murna a ɗakin cin abinci. Kuya bai tashi daga kujerarsa ba. Ya ce, "Kotun tana da jirgi?" Shugaban da suka zaɓa a shekarar, Duterte, ya naɗe hukuncin ya ajiye, ya tafi Beijing neman jari.

Ita kuwa Amurka, laifi tudu ne. Tana tura jiragen yaƙi su ratsa kusa da tsibiran da aka cike, tun daga USS Lassen a Oktoban 2015, da sunan kare dokar teku, alhali majalisar dattawanta ba ta amince da yarjejeniyar ba har yau. Ban ce ratsawar ba ta da amfani ba. Tana hana da'awar ta zama abin da kowa ya sallama. Amma jirgin yakan wuce ne cikin 'yan sa'o'i, a fitar da sanarwa, ya koma sansaninsa na Yokosuka a Japan. Farin jirgin yana nan da safe, yana nan da yamma, yana nan baɗi. Abin da Amurka ke karewa shi ne 'yancin rundunarta ta je inda ta ga dama, kuma wannan ba ɗaya ba ne da 'yancin masunci ya jefa koma. Ban ga laifinta ba don ta bi bukatarta, kowa ma haka yake yi. Kawai kada a sayar mini da wannan a matsayin wancan.

Sakamakon da ya fi fitowa fili shi ne kowa ya shiga kasuwar makamai. Biyetnam, wadda ba ta manta da sojojinta 64 da dakarun Sin suka kashe a tudun Johnson South a Maris na 1988 ba, ta sayi jiragen ƙarƙashin teku shida daga Rasha. Filifin, wadda majalisarta ta sallami sansanonin Amurka a 1991, ta buɗe wa sojan Amurka wurare tara zuwa 2023, ta kuma sayi makamai masu linzami na BrahMos daga Indiya a kan dala miliyan 375. Ostareliya ta shiga yarjejeniyar AUKUS da Amurka da Birtaniya a 2021 don samun jiragen ƙarƙashin teku masu aiki da nukiliya. Indonesiya, mai cewa ita ba ta cikin rigimar, ta sauya wa ruwan arewacin tsibiranta na Natuna suna a 2017 bayan takun-saƙa da jiragen Sin. Malesiya ta zaɓi yin shiru tana ci gaba da haƙar gas, farin jirgi na kewaya ta a Luconia, kusa da gaɓarta ta Borneo. Ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, ASEAN, kuwa tun 2002 ta sa hannu da Sin a kan sanarwar kyakkyawar mu'amala, ana ta tattauna cikakkiyar ƙa'ida fiye da shekara 20. A 2012 ma taron ministocinta a Kambodiya ya watse ba sanarwar bayan taro, karon farko a tarihinta, saboda wannan batu. Sin ta fi son ta zauna da kowacce ita kaɗai, kuma kowa ya san yadda kashin dankali yake.

Abin da ke ba ni takaici shi ne na ga yadda tsaron teku na gaske yake, a wannan yankin dai. A farkon shekarun 2000 'yan fashi sun addabi mashigin Malaka, har a 2005 masu inshora na Landan suka sa shi cikin wuraren hatsarin yaƙi. Indonesiya da Malesiya da Singafo sun fara sintirin haɗin gwiwa tun 2004, aka ƙara da na sama, aka kafa cibiyar musayar bayanai a Singafo a 2006, a shekarar kuma aka cire mashigin daga jerin. Ba a kawar da ɓarayi gaba ɗaya ba, har yanzu ana hawa jirage da dare a saci kayan gyaran inji, mu ma mukan kunna fitilu mu shimfiɗa mesar kashe gobara in za mu wuce. Amma an yi maganin babbar matsalar da ƙananan jiragen sintiri da wayar tarho da yarda da juna. Yardar nan ce kabeji ke ci. Jirgin sintirin da ya kamata ya bi masu fasa-ƙwauri ko ya nemo wanda ya ɓata, yanzu aikinsa raka buhun shinkafa zuwa Sierra Madre.

Akwai kuma abin da sai wanda ya tsaya a ɗakin tuƙi zai ji nauyinsa. Teku ba ta da ɗan sanda, abin da ke hana mu kashe juna wasu ƙa'idoji ne da kowa ya haddace, na kauce wa karo na 1972: wa zai ba da hanya, wa zai riƙe tasa, ta wane gefe za a wuce. Ina iya haɗuwa da jirgin da ban san harshen matuƙinsa ba da ƙarfe 3 na dare, amma na san zai karkata dama, ni ma in karkata dama. Yau a wannan teku an mayar da karya ƙa'idar nan sana'a. Ana yanko gaban jirgi da gangan, ana kashe na'urar da ke sanar da sunan jirgi da inda ya nufa. Ɗigo ya bayyana a rada ba suna ba komai, kai kuma kana tuƙa abin da ba ya tsayawa sai ya yi tafiyar kilomitoci. A Satumban 2018 wani jirgin yaƙin Sin ya matso na Amurka, USS Decatur, har tazarar kusan mita 40. A ma'aunin teku, wannan gogar kafaɗa ce.

Mafi muni a wurina shi ne abin da ya faru daren 9 ga Yunin 2019 a Reed Bank, yammacin Palawan. Wani jirgin Sin ya daki kwale-kwalen masuntan Filifin mai suna Gem-Ver yana tsaye a kan anka, ya tafi ya bar mutum 22 a ruwa. Masuntan Biyetnam ne suka tsamo su. Karo na iya zama tsautsayi, kowa na iya yi. Tafiya ka bar mutum a ruwa kuwa, wannan babu ma'aikacin jirgin da zai yafe, ko daga wace ƙasa yake. Tun kafin a rubuta wata yarjejeniya ake tsamo wanda ya faɗa teku, ko da abokin gaba ne.

Ranar 11 ga Agustan 2025, a bakin Scarborough ɗin nan dai, wani farin jirgin Sin ya biyo jirgin sintirin Filifin a guje, wani jirgin yaƙin Sin kuma ya yanko ta gaba don ya tare shi. Na Filifin ya zille. Farin ya afka wa ɗan'uwansa, goshinsa ya lotse gaba ɗaya. Mutane suka yi ta cewa ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Ni ban iya dariya ba, domin a bidiyon, daƙiƙu kaɗan kafin karon, ana ganin mutane tsaye a goshin jirgin. 'Yan Filifin sun ce sun yi ta kira a rediyo suna tayin taimako da likita, ba a amsa musu ba.

Na tura wa Kuya saƙo a daren. Ya yi ritaya, yana zaune a garinsu a gaɓar Zambales. Ya turo mini murya, ana jin kukan zakara a bayansa. Ya ce ya gani. Ya ce ƙanensa yanzu a kusa da gaɓa yake kamun kifi, wajen tarkunan da ake kafawa a ruwa da ganyen kwakwa don kifi ya taru, jirage sun yi yawa a wurin, abin da ake samu wani lokaci ko kuɗin mai ba ya mayarwa. Babban ɗan ƙanen nasa ya ce shi kam ba zai gaji wannan ba, ya je Manila yana neman takardun aikin jirgi.

"In ka san wani kyaftin mai neman yaro, Sikan, ka tuna da shi. Yana da ƙarfi, kuma teku ba ta sa shi amai."